TARIHIN AXEL PAULSEN, MUTUMIN DA TSALLE YA GAJI SUNANSA

A bana na zaɓi in ba ku tarihin wani Bature mutumin ƙasar Nowe, wai shi Axel Paulsen, wanda ya rasu tun 1938. Na san wani zai tambaya ina ruwan ɗan Gagarawa da mutumin da ya yi suna a wasan ƙanƙara, alhali kuwa mu a nan ba mu san ƙanƙara ba sai wadda ta kan faɗo da ruwan damina, ko wadda a ke saya a jefa a randa lokacin azumi. To, a yi mini haƙuri a ji dalili.

A zangon karatun da ya wuce, sa'ad da a ke shirin wasannin gidaje, an sa ni cikin masu tsallen sama na gidanmu. Malamin wasanni ya umurce mu mu yi mako biyu muna koyon ɗaukar gudu da yadda a ke sauka, sanda tana ƙasa ƙasa. Ni kuwa na ga ɓata lokaci ne kawai. Wata rana da la'asar, bayan ya tafi, na sa ƙananan yara su ka ɗaga sandar har ta kai kafaɗata. Na ƙetare ta sarai, amma na sauka a kan gefen ƙafa, na yi mummunan targaɗe. Ranar gasa ina zaune a kan benci da ƙafa ɗaure, gidanmu ya rasa makin da ya ke sa rai da shi. Da malamin ya zo duba ni bai yi mini faɗa ba. Sai ya nuna mini wani hoto mai motsi a wayarsa, na wani saurayi yana wulwulawa a sama kamar mazari, ya dira a kan ƙanƙara da ƙafa ɗaya. Ya gaya mini sunan wannan tsalle Aksel, ya ce in je in binciko mai sunan. Abin da na samo shi ne na ke so in bayyana muku.

Da farko ya kamata in faɗi yadda wasan ya ke. Ƙasar Nowe tana can arewacin Turai. Idan mu sanyin hunturu ya kan daskarar mana da man shanu a ƙwarya, su nasu sanyin tafkuna ya ke daskararwa, har da bakin teku, su zama dandali mai tauri wanda mutane ke tafiya a kai. Don haka su ka ƙera wani irin takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasansa, kamar an kifa wuƙa a tsaye. Wanda ya sa shi sai ya riƙa zamewa a kan ƙanƙara da gudu. Wannan shi a ke kira wasan zamiya, kuma iri biyu ne manya. Akwai na tsere, inda wanda ya riga isa shi ya ci. Akwai kuma na gwaninta, inda alƙalai ke duba iya sarrafa ƙafa da jiki.

A wancan zamani gindin wasan gwaninta shi ne zane. Ƙarfen takalmin yana da kaifi biyu, na ciki da na waje, kuma duk inda ya bi ya kan bar sawu a kan ƙanƙara. Ɗan wasa zai tsaya da ƙafa ɗaya, ya tura kansa, ya zana da'ira biyu manne da juna kamar lamba 8, sa'an nan ya sake bi ta kan sawunsa na farko ba tare da ya kauce ba. In ya gama sai alƙalai su zo su sunkuya suna duba sawun, kamar yadda malamin allo ke duba rubutun almajiri. Aiki ne na haƙuri wanda a ke shekaru ana koyo.

An haifi Axel Paulsen ran 18 ga Yuli, 1855, a wani wuri da a ke kira Aker, a gefen babban birnin ƙasar, wanda a lokacin sunansa Kiristiyaniya, yanzu kuwa Oslo. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai cinikin gahawa. Gidansu gidan masu son zamiya ne, gama ɗan'uwansa Edvin shi ma gwani ne. Axel ya tashi yana yin iri biyun duka, da tsere da gwaninta, abin da ba kasafai a ke samun mai haɗa shi ba a yau. Bugu da ƙari yana da kan ƙira. Ya yi aiki a kan gyaran takalmin tsere, ya sa masa dogon ƙarfe siriri marar nauyi wanda a ka kafe shi a jikin takalmin, maimakon irin na da wanda a ke ɗaurawa da igiyar fata. Irin nasa ya zama abin koyi ga maƙeran da su ka biyo baya.

A cikin 1882, yana da shekara 26, a ka shirya wata babbar gasa ta ƙasa da ƙasa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Mutanen wannan birni sun yi nisa a wasan, domin wani Ba'amurke mai suna Jackson Haines ya taɓa zama cikinsu, ya koya musu haɗa zamiya da kiɗa da rausaya. A wannan gasa an ɗora wa kowane ɗan wasa zane iri 23 na dole, da wasan ganin dama na minti 4, sa'an nan da wani sashe inda kowa zai nuna wata bajinta tasa ta kansa. Paulsen ya ci tseren da a ka yi a wurin. Da a ka zo sashen bajinta kuwa, sai ya taho da gudu yana fuskantar gaba, ya dogara a kan kaifin waje na ƙafa ɗaya, ya tashi sama, ya juya sau ɗaya da rabi, ya dira a kan ɗaya ƙafar yana zamewa da baya. Abin mamaki, da dogon takalminsa na tsere ya yi wannan, ba da na gwaninta ba.

A nan ne abin da ya fi jan hankalina ya ke. Duk da wannan tsalle da ba a taɓa gani ba, Paulsen bai zo na ɗaya ba. Leopold Frey, almajirin Haines, shi ya ci. Eduard Engelmann ya zo na biyu, Paulsen na uku. An dai ba shi wata kyauta ta musamman saboda tsallen. Watau alƙalan wancan zamani sun yaba, amma a wurinsu tsalle ƙari ne a kan gwaninta, kamar yajin da a ke barbaɗawa a kan tuwo. Wanda ya fi iya zane da sarrafa kaifi shi ne zakara.

Me ya sa wannan tsalle ya fi sauran wuya? A wasan gasa akwai manyan tsalle iri 6. Biyar daga cikinsu da baya a ke tashi, da baya a ke sauka. Aksel kaɗai a ke tashi ana fuskantar gaba, kuma tun da ya ke sauka da baya ce, dole a ƙara rabin juyi. Don haka in an ce Aksel mai juyi uku, a haƙiƙa uku da rabi ne. Waɗansu daga cikin sauran su ma sunayen masu ƙago su su ka ci, kamar na Ulrich Salchow mutumin Suwidin, wanda ya fito da nasa a 1909, da na Alois Lutz mutumin Ostiriya a 1913. Amma na Paulsen shi ne yayansu.

Shi kansa bai zauna yana taƙama da tsallen ba, tsere ya fi mai da hankali a kai. A 1883 ya ƙetare teku ya tafi Amurka da Kanada yana karawa da gwanayensu. A unguwar Brooklyn ta birnin New York ya ci tseren mil 25, ya bar abokan karawarsa a baya. Ran 26 ga Fabrairu, 1885, a ka haɗa shi da zakaran ƙasar Holan, Renke van der Zee, a kan daskararren bakin teku na Frognerkilen a garinsu. Mutane fiye da 20,000 su ka fito cikin sanyi don kallo, Paulsen kuwa bai ba su kunya ba, ya ci. Ya riƙe kambin zakaran duniya na masu tseren sana'a har 1890, lokacin da wani mutumin Kanada, Hugh McCormick, ya karɓe shi daga hannunsa. Kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba, kuma kowane zakara da ranar da za a fi shi.

Da mahaifinsu ya rasu a 1887, shi da Edvin su ka gaji cinikin gahawa. Ya ci gaba da wannan sana'a har 1936. Ya rasu ran 9 ga Fabrairu, 1938, a Nesodden kusa da Oslo, yana da shekara 82. A 1976 a ka sa sunansa cikin jerin manyan gwanayen wasan na duniya da a ke tunawa da su.

To, bayan rasuwarsa fa, ina labarin tsallen? Sannu a hankali ya fara girma. A gasar Olimfik ta 1948, wani Ba'amurke mai suna Dick Button ya yi Aksel mai juyi biyu da rabi, ya kuwa ci zinariya. A 1978 Vern Taylor na Kanada ya yi mai uku da rabi a gasar duniya a birnin Ottawa. A 1988 wata 'yar Japan, Midori Ito, ta zama mace ta farko da ta yi irinsa a gasa. A wannan shekara kuma Kurt Browning na Kanada ya yi tsalle mai juyi huɗu na farko da alƙalai su ka amince da shi, ko da ya ke ba Aksel ba ne. Dubi bambancin zamani. A gasar Olimfik ta 1920 an tsawata wa wata Ba'amurkiya, Theresa Weld, don ta yi ɗan tsalle mai juyi ɗaya tak, wai bai dace da mace ba.

Yayin da tsalle ke hawa, zane kuwa sai sauka ya ke yi. Kafin 1968, zane shi ke ɗauke da kashi 60 cikin 100 na maki. Da talabijin ta shigo sai a ka ga 'yan kallo ba su da haƙurin kallon mutum yana zagaya lamba 8. A Olimfik ta 1972 a birnin Sapporo, Beatrix Schuba ta Ostiriya ta ci zinariya da ƙarfin zane, alhali Janet Lynn ta Amurka, wadda ta fi kowa burgewa a wasan ganin dama, ta tashi da tagulla. Masu kallo a gida ba su ga zanen ba, don haka su ka kasa gane hukuncin. Daga nan a ka yi ta rage darajarsa, har bayan gasar duniya ta 1990 a ka soke shi ɗungum.

Wani babban sauyin ya zo bayan Olimfik ta 2002 a birnin Salt Lake na Amurka, inda a ka yi rigima a kan son kai na alƙalanci. Daga 2004 hukumar wasan ta duniya ta kawo sabon tsari, ta yanka wa kowane motsi farashinsa kamar kayan kasuwa. Bisa jadawalin da a ka gyara a 2018, Aksel irin na Paulsen maki 1.1 ne kacal. Mai juyi biyu da rabi 3.3, mai uku da rabi 8, mai huɗu da rabi 12.5. Duk ɗan makarantar da ya iya lissafi ya san inda riba ta ke. A 2010 Evan Lysacek ya ci zinariyar Olimfik ba tare da tsalle mai juyi huɗu ko ɗaya ba. A 2022 a birnin Beijing kuwa, Nathan Chen guda 5 ya yi a wasansa na ƙarshe kafin ya ci. A wannan gasa Yuzuru Hanyu na Japan, wanda ya riga ya ci zinariya sau biyu, ya gwada Aksel mai huɗu da rabi ya faɗi. Ran 14 ga Satumba, 2022, wani yaro Ba'amurke ɗan shekara 17, Ilia Malinin, ya yi shi ya sauka lafiya a garin Lake Placid, shekara 140 bayan gasar Biyana. Shi ne saurayin da malaminmu ya nuna mini.

Ba na musun cewa wannan bajinta ce. Mutum ya juya sau huɗu da rabi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ya dira a kan ƙarfen da bai kai kaurin fensir ba, ai ya isa a jinjina masa. Kuma tsohon tsari ma ba a rasa shi da aibu ba, domin ya ba alƙalai damar fifita wanda su ke so. Amma akwai abin dubawa. Duk saukar da ɗan wasa ya yi, nauyin da ya ninka na jikinsa sau da yawa ne ke faɗa wa ƙafa ɗaya da gwiwa da ƙugu, kuma kafin ya iya sai ya faɗi ba adadi. Ga shi kuma ƙaramin jiki marar nauyi ya fi saurin juyawa, don haka a ka koma neman yara ƙanana, musamman 'yan mata. Tara Lipinski ta Amurka ta ci zinariya a 1998 tana da shekara 15, a 2000 a ka yi mata aiki a ƙugu. A Beijing, Kamila Valieva ta Rasha, ita ma 'yar shekara 15, ta shiga rigimar gwajin ƙwayoyi, duniya tana kallo ta yi ta faɗuwa ta fita da kuka. Ba ta kai shekaruna ba. Bayan 'yan watanni, a Yuni 2022, hukumar ta yanke shawarar ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17.

Da na je hutu ina ɗingishi, na kai wa kakana ziyara a ƙauyensu da ke ƙasar Sule Tankarkar, na ba shi wannan labari. Shi mutum ne mai kiwon dawaki, ya daɗe yana zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, in ya ga ɗan doki mai kyau ya saya ya hore shi. Bai taɓa ganin wasan ƙanƙara ba, amma nan da nan ya gane zancen. Ya bayyana mini cewa ɗan dokin da a ka fara sukuwa da shi tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba, ba ya daɗewa ƙafafunsa ke lalacewa. Shi ya kan yi watanni yana koya wa doki saba da linzami, da tafiya, da juyawa dama da hagu, da tsayawa cik, kafin ya yarda a sake masa. Ya kuma tuna mini da hawan salla a Gumel. In mahaya su ka zaburo don jahi a ƙofar fada, yara gudun su ke wa sowa. Manya kuwa ƙarshen su ke jira, su ga yadda mahayi zai ja linzami doki ya zame ya tsaya a gaban Sarki, shi kuma yana zaune daram a kan sirdi ya ɗaga hannu. A ganinsa kowane yaro marar tsoro ya iya sakin doki, amma tsai da shi sai wanda ya koya.

Da na auna maganar kakana da tarihin Paulsen sai na ga sun zo ɗaya. Paulsen bai fara da tsalle ba. Ya shekara da shekaru yana sanin kaifin takalminsa, har ya kai ga gyara ƙirarsa da kansa, shi ya sa ya iya tashi da takalmin da ba a yi shi don tsalle ba, ya kuma sauka lafiya. Yana da shekara 26 ya yi shi, ya ci gaba da tsere shekaru bayan haka, ya tsufa yana kan sana'arsa. Ni kuwa da na raina mako biyu na koyon sauka, na ƙetare sanda sau ɗaya, na yi wata guda ina jan ƙafa. Gaggawa aikin Shaiɗan.

Wannan magana ba ta tsaya a filin wasa ba. Mu nawa ne a ajinmu mu ke haddace amsoshin tambayoyin jarrabawar shekarun baya, alhali jadawalin sau bai zauna mana ba? Mu nawa mu ke neman manyan kalmomin Turanci don mu burge a muhawara, amma in an ce mu rubuta wa iyayenmu wasiƙa mai ma'ana sai mu kasa? Ina kuma roƙon iyayenmu, da girmamawa, su riƙa tambayar abin da yaro ya fahimta, kada su tsaya ga na nawa ya zo kaɗai. Su kuma yi hattara da tsallakar da yaro aji don a ce ya gama da ƙuruciya, gama icen da a ka ɗora wa kaya tun yana ɗanye a karkace ya ke girma.

Yanzu ƙafata ta warke, alhamdu lillahi. Na koma fili, kuma ni da kaina na roƙi malam ya mai da mini sanda ƙasa. Ƙananan yara suna yi mini dariya in sun ga ina ƙetare abin da su ma za su iya, ni kuwa ba na kula su, saukata na ke gyarawa. In Allah ya kai mu wasannin baɗi, ina fata in biya gidanmu bashin makin da na jawo masa asara. Allah ya ba mu haƙurin koyo, ya sa mu gama karatunmu lafiya, amin.